Karena ya ƙi daina bin wutsiyarsa, ku ba ni shawara

Mai tambaya, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da kare ɗan wata bakwai, Alsashiyan (irin manyan karnukan Jamus), na saye shi don gadi tun bai gama shan nono ba. Da can in ya kama juyi yana bin wutsiyarsa, yara dariya suke yi suna ɗaukarsa a waya. Yanzu abin ya wuce wasa. Sai ya yi ta kewayawa har ya faɗi yana haki, in ya cafki wutsiyar ya cije ta, bakinta duk ya saɓule. Yini yake a ɗaure gefen gareji, sai dare ake sakinsa. Maƙwabcina ya ce hauka ce, in rabu da shi tun bai ciji yaro ba. Wani kuma ya ce a guntule wutsiyar kowa ya huta.

Mafarauci daga Batagarawa: Alhaji, kada ka yanke masa komai. Mu da muke shiga daji da karnuka ba kasafai muke ganin wannan ba, don kare da ya yini yana gudu ba ya da sauran ƙarfin bin jelarsa. Kai kuwa ka ɗaure matashin kare a zafin Katsina, me kake so ya yi? Ka kwance shi.

Wata uwar gida, Sabuwar Unguwa: Ƙila kaska ce ko ƙuma. Ka zuba fiya-fiya a ruwa ka wanke shi.

Likitan dabbobi: Hajiya, ki yi haƙuri, banda fiya-fiya. Guba ce, tana ratsa fata, ga shi da rauni a buɗe kuma zai lasa. Amma batun kaska da ƙuma kin yi gaskiya, daga nan ake farawa.

Alhaji, ka kai shi asibitin dabbobi a duba gindin wutsiyar, a ba shi maganin tsutsar ciki, a kuma taɓa wasu 'yan jakunkuna biyu da ke gefen duburarsa, don in suka toshe suna sa ƙaiƙayi mai tsanani. Akwai kuma nau'in farfaɗiya da ke zuwa da irin wannan juyi, shi ya sa bidiyon da yara suka ɗauka zai yi wa likita amfani.

In jiki lafiya lau ne, to ɗabi'a ce ta zame masa dole, kuma an san Alsashiyan da ita. Wani bincike da aka yi a Finland a 2012 ya nuna karnukan da ke yin haka an fi raba su da uwa da wuri fiye da waɗanda ba sa yi, shi ya sa muke cewa a bar kwikwiyo ya cika mako 8. Dariyar yara ma ta ƙara masa, don a wurinsa lada ce. Duka da tsawa kuwa damuwa suke ƙara masa, juyin ya ƙaru. Ka fita da shi bayan Asuba da bayan La'asar, ka watsa abincinsa a tsakar gida ya nema da hanci, ka ba shi igiya mai kauri ya tauna. Da ka ga ya fara waiwayen baya, kira shi tun bai soma ba, ka sa shi ya zauna, ka ba shi ɗan nama. Yanke wutsiya ba ya magani, guntun zai koma bi. In abin ya ƙi, akwai magunguna irin su fluoxetine ko clomipramine, amma likita ne zai auna masa, kuma sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin a ga canji.

Mai tambaya: Na gode, likita. To batun haukar fa? Shi ne ya fi tayar wa maiɗakina hankali.

Likitan dabbobi: Kare da ciwon hauka ya bayyana a jikinsa da wuya ya wuce kwana 10 a raye, naka kuwa ya daɗe yana yi. Duk da haka ka duba katinsa na rigakafi. Ana yin allurar rigakafin hauka tun yana wata 3, a maimaita duk shekara. In ba a yi ba, a haɗa da ita ranar da za ka kai shi. Kafin nan a wanke raunin da ruwan gishiri mai ɗumi, kuma kada yara su sa hannu su raba shi da wutsiyar yana cikin juyi.