Fankar banɗaki da Shelly 1: ƙwai na kamawa tare da ita

Masu aikin lantarki, a taimaka. Fankar zuƙe tururi ce mai taima, wayoyinta uku: L mai wuta kullum, T da ke samun wuta idan an kunna ƙwan lantarki, sai N, wato nutural. Akwatin makunni babu nutural, shi ya sa Shelly 1, ƙaramin makunnin da ake sarrafawa da wayar salula ta Wi-Fi, ke cikin silin, O ɗinsa (inda wuta ke fita) a kan T.

Da an kunna fankar daga wayar salula sai ƙwai ma ya kama, alamar wuta na komawa baya ta layin T. Shin in cire T daga ƙwan, in kai layin makunni kan SW (mashigar makunni ta Shelly) kawai? Kuma aisoleta (makunnin yanke wutar fankar gaba ɗaya) mai layi uku, kafin Shelly za ta zauna ko bayansa? Silin ɗin na jiƙa, akwatin IP44 (mai kariya daga fantsamar ruwa) ya isa?