Neman shawara: loda bayanan PostgreSQL zuwa BigQuery kowane dare

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Manhajar sayar da kaya ce a kan rumbun bayanai na PostgreSQL, rahotanni kuma a BigQuery, ma'ajiyar nazarin bayanai ta Google, ake haɗa su. Kullum da dare ana kwashe teburin oda ɗungurungum zuwa BigQuery, manhajar ta yi nauyi har a gama, wani lokacin ma oda ɗaya ta fito sau biyu. Ya za a yi a riƙa ɗaukar abin da ya canza kawai, aikin kuma ya tashi da kansa?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, fara da ɗauke nauyin daga sabar da kwastomomi ke kai. Ka kafa kwafin saba na karatu kawai, ka buɗe asusun da ba shi da izinin komai sai SELECT, wato karanta bayanai, tashar 5432 ta PostgreSQL kuma kada ta buɗe wa kowa sai adireshin injin da ke lodi. Ka lura, kwafin yakan katse doguwar tambayar SELECT, domin max_standby_streaming_delay, wato lokacin da yake jira kafin ya katse ta, daƙiƙa 30 ne in ba a taɓa shi ba. Ka ƙara shi.

Sannan teburin ya samu ginshiƙin lokaci mai suna updated_at, mai fihirisa, wanda ke sabuntawa duk lokacin da aka taɓa layi. Kowane dare ka ɗauki layukan da suka wuce lokacin lodin jiya, ka fitar da su a tsarin fayil na Parquet zuwa Cloud Storage, ma'ajiyar fayiloli ta Google, su shiga tebur na wucin gadi a BigQuery, daga nan MERGE ta kan id, lambar kowace oda: layin da ke akwai a sabunta shi, sabo a ƙara. Maimaicin da kake gani galibi daga nan yake: aiki ya faɗi a tsakiya, aka sake tayar da shi, ya ƙara layuka a kan na farko.

Amsa ta biyu: Gaskiya ne, amma akwai tarko. now() da ke cike updated_at a PostgreSQL lokacin da aikin rubuta layin (transaction) ya fara yake rubutawa, ba lokacin da aka rufe shi ba. Layin da ya fara 1:58 ya rufe 2:03, lodin ƙarfe 2 ba zai gan shi ba, na gobe kuma ya tsallake shi. Maganinsa ka riƙa komawa baya da minti 30 zuwa awa ɗaya, MERGE zai shanye maimaicin. Ka tace teburin wucin gadin da ROW_NUMBER, mai ba layuka lamba, ya rage layi ɗaya ga kowane id, in ba haka ba BigQuery zai ƙi aikin. Kuma kada ka matsar da alamar lokacin lodi na ƙarshe sai MERGE ya yi nasara.

Mai tambaya: Allah ya saka. To odar da aka goge fa?

Amsa ta uku: Wannan hanyar ba ta ganin gogewa sam. Mafi sauƙi a daina gogewa, a sa ginshiƙin deleted_at da ke nuna lokacin da aka soke odar. In ba zai yiwu ba, sai a karanta canje-canje daga WAL, kundin da PostgreSQL ke rubuta kowane canji a ciki, da manhaja irin su Datastream ko Debezium: wal_level ya koma logical, a sake kunna saba. Haɗarinsa, in mai karantawa ya tsaya, PostgreSQL zai yi ta tara WAL har faifai ya cika, manhajar ta tsaya cak. Daga siga ta 13 akwai max_slot_wal_keep_size, a sa masa iyaka. Don rahoton kullum dai, a ganina wahalar ta fi ribar; kwatanta jerin id na ɓangarorin biyu sau ɗaya a mako ya wadatar.

Amsa ta huɗu: Batun jadawali, yawancin saba a UTC suke, Najeriya kuma tana gaba da awa ɗaya, don haka jadawalin 0 1 * * *, wato ƙarfe 1 na dare kullum a UTC, ƙarfe 2 na dare ne a nan. A Airflow, manhajar da ke tayar da aiki bisa jadawali, ka sa max_active_runs=1 kada lodi biyu su haɗu, catchup=False kada ya koma tayar da na ranakun da suka wuce, sake gwaji sau 3 da tazarar minti 10. A rahoto ka yi DATE(created_at, 'Africa/Lagos'), in ba haka ba cinikin 12 zuwa 1 na dare zai faɗa ranar jiya. Kuɗi kuwa a ajiye shi a nau'in lamba NUMERIC, ba FLOAT64 ba, don kada kobo ya riƙa ɓacewa wajen jimla. Bayan kowane lodi a ƙirga layukan jiya a ɓangarorin biyu, in sun saɓa saƙo ya je wa mai kula kafin a buɗe ofis.