Mariƙin hauren giwa a tsohuwar bindiga, ya halatta kuwa?

Dan_Tarihi:
Salam jama'a. Na ga hoton wata Colt Single Action Army, samfurin da ya fito a 1873, an sa mata mariƙin hauren giwa har ya yi rawaya-rawaya, gaskiya ta yi kyau. Wai har yanzu ana sassaƙa irinsa ne ko doka ta hana?

Baban_Ummi:
Wa'alaikassalam. Malam ai tun 1989 yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji masu fuskantar ƙarewa, ta hana cinikin hauren giwar Afirka tsakanin ƙasashe, Amurka kuma ta ƙara matse abin a 2016, sai dai tsohon kaya da ya kai shekara 100 kuma kana da takardun shaida, shi ya sa masu sassaƙa da yawa suka koma hauren mamot, wancan giwar da ta ƙare tun tuni, ko ƙashi ko roba mai kama da shi.

Kawu_Sule:
Janar Patton na sojan Amurka ma irinsa yake riƙewa a Yaƙin Duniya na Biyu. Amma fa haure ba ya son bushewa ko zafi, tsagewa yake. Ni dai a kashe giwa saboda ado, a'a wallahi.

Dan_Tarihi:
Na gode Kawu. To ya ake gane na gaske?

Baban_Ummi:
Duba inda aka yanka shi, za ka ga layuka sun gitta juna kamar saƙa. Roba ba ta da su sai in an zana.