Kanari suna ƙyanƙyashewa a kejin tsakar gida amma 'ya'yan ba sa rayuwa, mene ne mafita?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon tsuntsaye, dan Allah ina neman shawara. Na gina babban keji a tsakar gida nan Zariya, irin wanda mutum zai shiga ya tsaya a ciki, mita 3 a tsawo mita 2 a faɗi, rufin kwano, gefe uku waya ɗayan kuma katangar gida ce. Na zuba kanarin Turai maza uku mata uku, sai kanarin gida guda biyu da nake da su tun da. Kuka kam masha Allah, da asuba har maƙwabta suna yabawa. To matsalar ita ce matan suna yin ƙwai, ɗaya ta tashi ta bar nata ya huce, ɗaya kuma ta ƙyanƙyashe huɗu amma kafin sati duk sun mutu, ƙananan suka fara tafiya sannan manyan, kuma da na ɗauko su sai na ga jikinsu ya yi fari fat babu wannan jan da suke da shi ranar farko. Wlh abin ya taɓa ni sosai. Abinci gero ne da riɗi da acca, ruwa kullum sabo.

Malam Bature Mai Keji:
Wa alaikumussalam. Allah ya mayar da alheri. Wannan farin da ka ce jikinsu ya yi shi ne ya tsaya min a rai, don alamar jini ne ya ƙare, kuma abin da ya fi yin haka a sheƙa ƙuma ce, jar nan irin ta akurkin kaji. Da rana ba za ka taɓa ganinta a jikin tsuntsu ba, tana ɓuya a tsagar katako da ƙarƙashin sheƙa da ƙarshen sandar da suke sauka, sai dare ya yi ta fito ta sha jini ta koma. Babba zai jure, jariri ba zai jure ba, uwar ma idan cizon ya ishe ta tashi take yi ta bar ƙwan. Yau da magariba ka rataya farin ƙyalle ninki biyu kusa da sheƙar, da asuba ka buɗe ninkin, in ka ga ɗige-ɗige ja ko baƙi suna motsi, ka murje ɗaya da yatsa jini zai fito, to ka gano ɓarawonka. Ka ƙone tsofaffin sheƙoƙin, ka wanke sanduna da tafasasshen ruwa, ka toshe duk wata tsaga, maganin feshin kuma ka je wajen likitan dabbobi ka gaya masa na kanari ne, kar ka ɗauki na kaji ka fesa da ka, tsuntsun nan bai kai giram 30 ba.

Sannan dare gaba ɗaya shi ne abokin gabar kejin waje. Ɓera, mage a kan rufi, mujiya, maciji. Ko ba su shiga ba firgitar kaɗai ta isa ta tayar da uwa daga kan ƙwai, kuma a duhu ba ta iya komawa sai gari ya waye. Wayar ta zama mai ƙananan ido, rabin inci, ƙasan a yi masa daɓen siminti, ka ƙara ragar sauro daga waje don sauro yana ɗauko musu ciwon ƙuraje da ke fitowa a ido da ƙafa, kuma yana kashe kanari sosai.

Ummu Hanan:
Gaskiya Malam ya faɗi, amma ni abincin ma ban gamsu da shi ba. Gero da riɗi suna riƙe babba, ba sa raya jariri. Uwa tana buƙatar abu mai laushi da za ta ɗura musu, ka dafa ƙwai ya dahu sosai ka murmushe shi da garin busasshen burodi, ya yi washar-washar ba caɓal ba, ka ba su da safe da yamma. Kawai dai a zafin nan namu kar ya wuce awa biyu uku a cikin kejin, yana lalacewa ya sa su zawo. Ka haɗa da ɗan latas ko alayyahu wankakke da karas gogagge. Ɓawon ƙwan kar ka zubar, ka daka shi ka ajiye musu a ɗan murfi, mace in ba ta samu ba ƙwai yana iya maƙale mata. Fiya kuwa, wato avocado, ko kusa, guba ce gare su.

Yadda za ka san ana ciyar da su, ka leƙa gefen wuyan jaririn, fatar siririya ce za ka hango wani ƙullutu rawaya, abincin kenan. In wuyan a lafe yake da hantsi to akwai matsala.

Ɗanjuma Kurna:
Oga ni ina ganin tun daga haɗin aka samu matsala. Maza uku a keji ɗaya lokacin kiwo ai faɗa ne kawai, suna korar juna suna faɗawa kan sheƙa, wata macen ma tana satar kayan sheƙar 'yar uwarta. Kanarin gida kuma kar ka raina shi don ƙarami ne, in ya shiga lokacinsa duk tsuntsu mai launin rawaya abokin faɗansa ne. Ka fitar da su su koma kejinsu. Namiji ɗaya mata biyu ya isa wannan wajen, ko ka raba shi gida-gida da waya. Sheƙa ta fi yawan matan, buɗaɗɗiya kamar ƙaramin koko, ni matacin roba nake ɗaurawa in shimfiɗa ƙyalle a ciki, in yanka musu zaren buhun algarara gajeru-gajeru, ban da zaren leda don yana naɗe ƙafar jariri har ya yanke ta.

Maganar ƙananan su fara mutuwa kuwa, tana yin ƙwai ɗaya ne kullum da safe, in ta fara kwanci tun a na farko sai su fito rana daban-daban, kwana 13 zuwa 14 kowanne, babban ya danne ƙaramin wajen karɓar abinci. Shi ya sa ake ɗauke kowane ƙwai da cokali a sa na roba a madadinsa, ranar da ta yi na huɗu a mayar mata da su duka su fito tare.

Malam Bature Mai Keji:
Ɗanjuma dabarar ƙwan roba gaskiya ce, masu kiwo a Ingila da Beljiyam haka suke yi, amma ban so Abban Sadiq ya fara da ita yanzu. A babban keji kullum sai ka shiga ka tayar da kowa, matan da dama a firgice suke. Ya gyara ƙumar da haɗin tukuna. Kuma rufin kwanon nan a Afrilu da Mayu da zafi ke tsananta, sheƙa tana can sama dab da shi, ya ɗora zana a kai ya sauko da sheƙar ƙasa kaɗan, ya sa musu faranti da ruwan wanka kullum. Da hunturu kuma a rufe gefen gabas da arewa, iskar da ke ratsa keji ta fi sanyin kansa cutar da su.

Abban Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam na sa ƙyallen kuma na gani, ninkin cike yake da su, sheƙar tana jikin katangar da ta haɗa mu da akurkin kajin maƙwabcina. Na fitar da maza biyu da kanarin gidan. Tambayata yanzu, wadda 'ya'yanta suka mutu ta fara ɗaukar zare a baki, in bar ta ta sake ko in hana ta?

Ummu Hanan:
A'a ka hana ta tukuna, ita ma an sha jininta. Cire sheƙa da zaren gaba ɗaya, ka raba ta da namijin kamar sati uku tana cin ƙwan nan da ganye har kejin ya tsarkaka. In ta dawo kar ta wuce kwanci biyu, uku in ta yi yawa, kuma da ka ga gashi ya fara zuba namijin ya yi shiru to kiwon bana ya ƙare sai sun gama sake gashi. Ka yi wa maƙwabcin naka magana cikin lalama shi ma ya fesa akurkinsa, in ba haka ba za su sake tsallakowa.