Wanda kasuwa ta taɓa juya wa baya da kuɗinsa a ciki, ya ba mu labari

Maman Halima, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum daga nan Maraɗi. An raba mana gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, rabona ya kama sefa miliyan 2 da rabi. Tun da aka ji, kowa da abin da yake gaya mini. Yayana ya ce a sayi wake da kaka a ajiye. Maigida ya ce fili. Wata ƙawata kuma ta nuna mini wani abu a salula, wai kowane mako ana ƙara wa mutum kashi 10 cikin 100. Kowa riba yake lissafa mini, ba wanda ya tambaye ni ko zan iya ɗaukar asara. Ina son ji daga waɗanda farashi ya taɓa faɗuwa da kuɗinsu a ciki: me kuka yi, kuma shawarar wa ta amfane ku?

Alhaji Mai Hatsi, Babbar Kasuwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a abin da ya bari.

Ɗiyata, sana'ar da yayanki ya ambata ita na gada, kuma sana'a ce mai kyau, sai dai ba kowane kuɗi ake shigar da shi cikinta ba. A daminar 2024 hatsi ya yi tsadar da kowa ya ji a jikinsa, to da kaka ta zo mutane da yawa suka ce ai baɗi ma haka za ta kasance. Wani malamin lakwal, mutumin kirki, ya kawo mini kuɗinsa na saya masa gero muka zuba a magaza ɗaya da nawa. A watan Oktoba na shekarar gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi waje, in ban da Mali da Burkina Faso, ga shi kuma an samu amfanin gona. Farashin da muke jira ya tashi ya ƙi tashi.

Faɗuwa ɗaya ce ta same mu, amma ba ta yi mana ciwo ɗaya ba. Ni ina da aya da riɗi a gefe, ina da shago, zan iya barin gero ya kwana. Shi kuwa kuɗin auren ɗiyarsa ne, an riga an sa rana. Duk ranar Litinin da Juma'a sai ya zo ya tsaya bakin magaza, ya sa hannu cikin buhu ya ɗebo ya duba, ya tambayi nawa tiya yau, ya mayar. Har ramewa ya yi. Da lokacin biki ya matso dole muka sayar, bayan an cire hayar magaza da kuɗin dako uwar kuɗin ma ba ta dawo cikakkiya ba.

Tun daga nan duk wanda ya kawo mini kuɗi, kafin in ƙirga sai na tambaye shi yaushe zai buƙace su, kuma wa ke ci daga cikinsu. In ya ce wata shida, sai in ce ya mayar aljihu. Kuma wake ya fi gero wuyar ajiya. In ba a buhun PICS mai ninki uku aka zuba aka ɗaure da kyau ba, ƙwari za su riga ki cin riba.

Abu ɗaya kuma: in za ki ba yayanki ya juya, ku yi shi a kan ƙa'idar ƙiradi, wato ke da kuɗi shi da aiki, a rubuce, da shaidu. Riba a raba rabi da rabi ko yadda kuka shirya, asara kuwa in ba sakacinsa ba ne a kan mai kuɗi take, shi wahalarsa ce ta tafi. Ku faɗi wannan tun yanzu da ake dariya. Na ga zumunci ya mutu a kan buhu ashirin.

Ɗan Hanyar Kano:
Gaskiya Alhaji ya faɗa. Mu da ke bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya namu hatsarin ma ba a cikin kayan yake ba. Najeriya ta rufe iyaka a Agusta 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa har Maris 2024. Ga naira: kafin Yuni 2023 dalar Amurka ɗaya a farashin gwamnatin Najeriya ba ta kai naira 500 ba, farkon 2024 ta haura 1,500. Ina bin wani abokin ciniki a Kano bashi da naira. Ya biya ni cif, ko kwabo bai rage ba, amma da na kai wurin ɗan canji abin da ya miƙo mini bai kai rabin abin da na sa rai ba. Wanda ya cece ni tsohon maigidana ne, tun ina yaronsa yake cewa kar jarin gida ya kwana a naira. Ita sefa a ɗaure take da yuro, kusan 656 a kan yuro ɗaya. Rabin jarina yana sefa, shi ya sa ban rufe shago ba.

Mai Gyaran Salula, Sabon Gari:
Anti, don Allah batun salular nan ki bar shi. Ni ne ake kawo wa wayoyi ranar da abin ya daina buɗewa, suna zaton wayar ce ta lalace. Gwaggota ta zo da tata a naɗe cikin gyale, ta ce in gyara, lambobin kuɗinta na nan a rubuce amma sun ƙi fita. Na duba, wayar lafiyarta ƙalau. Kuɗin awakinta ne duka. Wanda ya shigar da ita ɗan unguwa ne mai sallah, shi ma bai san ƙarya ba ce, amma ana ba shi lada a kan duk wanda ya kawo. Na farko ana biyansu da kuɗin na baya, ranar da sababbi suka daina shigowa sai a kashe. Haka ire-irensa suka yi a Najeriya, MMM a Disamba 2016, CBEX a Afrilu 2025. Ki tambayi ƙawarki ko akwai abin da za a ba ta in kin shiga.

Hajiya Uwar Asusu, Tibiri:
Ni ban yarda a tsorata ta har ta ƙulle kuɗi a akwati ba. Kuɗin da ke kwance tsadar kaya na cin su, ga zakka ɗaya cikin arba'in in sun kai nisabi sun shekara, ga 'yan uwa masu zuwa aro, kin kuma san ba a iya hana kowa.

Mu mata a nan mun daɗe da sanin hanya. Tsarin Mata Masu Dubara da ake yi yanzu a ƙasashe da yawa, a jihar Maraɗi aka fara shi a 1991. Ni kiwo nake yi, ina sayen raguna in turke su zuwa Layya. A 2025, gab da Sallah, aka hana fitar da dabbobi waje, masu saye daga Najeriya ba su zo ba, raguna suka cika kasuwa. Na sayar da asara a kan biyu, ga kuɗin dusa da harawa. Ban kwana da damuwa ba, don abin da na sa a kiwo bai wuce abin da in ya tafi tukunyata za ta ci gaba da tafasa ba. Wata a ƙungiyarmu bashi ta ci ta turke guda shida, ita kam ta sha kuka. A taronmu kafin a ba mace rance sai an tambaye ta da me za ta biya in ragon ya mutu. Wasu na jin haushin tambayar, ni ita nake kira shawara.

Maman Halima, unguwar Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Tambayar Baba Alhaji ta sa na zauna na yi lissafi. Yara biyu suna lakwal ta kuɗi, ana biya farkon Oktoba, albashin maigida ba ya ɗaukar wannan shi kaɗai. Mahaifiyarmu kuma tana shan maganin hawan jini, ni ke saye. Ashe ba duka kuɗin ne za su iya jira ba. To sauran fa, banki ko me?

Baba Akanta mai ritaya, Ali Ɗan Sofo:
Ɗiyata, kin riga kin yi rabin aikin da ƙwararre zai yi miki. Abu biyu ne mutane ke haɗawa: ƙarfin zuciya da ƙarfin aljihu. Akwai mai zuciyar da ba ta girgiza amma bakuna goma ke jiransa, wannan bai da ikon kasada ko da yana so. Akwai kuma mai hali wanda in jarinsa ya ragu kaɗan barci ya ƙaurace masa, shi ma kar a tura shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki ɗauki adadi na gaske, ki ce yau an wayi gari jaka 500, wato sefa dubu 500, sun tafi daga cikin kuɗin nan, me zai tsaya a gidana? In amsar ita ce lakwal ko magani, to wannan kason ba na juyawa ba ne.

Da na karɓi kuɗin sallamata na sa wani ɓangare a hannun jari. Ƙasashen UEMOA takwas, wato na Yammacin Afirka masu kashe sefa, kasuwar hannun jari ɗaya gare su, BRVM, tana Abijan, kuma ba a saye sai ta hannun dillali mai lasisi, irin kamfanonin da ake kira SGI, waɗanda hukumar AMF-UMOA ke sa wa ido. Akwai shekarun da na ga darajar abin da na saya ta yi ƙasa sosai. Na kira ma'aikacin da ke riƙe da asusuna ina son sayarwa. Ya ce, Baba, kana bukatar kuɗin bana? Na ce a'a. Ya ce kamfanin ya daina raba riba? Na ce a'a. Ya ce to me ya canza ban da lambar da kake kallo? Na bar su, daga baya suka farfaɗo. Ba kullum ake farfaɗowa ba, kar ki ɗauka alkawari ne. Amma da a ce kuɗin cefane ne, da ba ni da zaɓin jira.

Ko takardun bashin gwamnati, da ake ganin sun fi komai aminci, lokacin takunkumin da aka saka wa Nijar a 2023 biyansu ya yi jinkiri. Banki ma da iyakarsa: asusun lamunin ajiya na waɗannan ƙasashe takwas yana mayar wa mai ajiya har miliyan 1 da jaka 400 in banki ya durƙushe, jaka 300 in ƙaramar cibiyar bashi ce. Wanda ya san wannan ba zai tara komai wuri guda ba.

In kin je wurin kowane mai ba da shawara, ki tambaye shi nawa yake samu in kin bi maganarsa, da kuma yadda za ki fitar da kuɗinki in kin matsu. Mai gaskiya ba ya jin zafin wannan.

Malam Na Mokoyo:
Baba Akanta, a ƙara da cewa takardun bashi da ajiyar da ake ƙayyade wa ruwa akwai maganar ribar da addini ya haramta a kansu, kuma hannun jari ma sai an duba sana'ar kamfanin. Ni na je da takardun wurin malamin da ya san fiƙihun ciniki kafin in sa hannu, ya ware mini abin da zan iya shiga. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da halaccin abu ba, ko yana riba ba zai ji daɗinsa ba. Akwai bankin Musulunci a ƙasar nan, ta je ta ji tsarinsu ita ma.

Maman Sadiƙu, Bagalam:
Yaya, ba wanda ya taɓa maganar fili, bari in faɗi nawa. Fili ba ya ruɓewa, amma ba ya zama kuɗi ranar da kike so. Lokacin da aka ce za a yi wa maigidana aiki a Yamai na sa nawa a kasuwa, dillalai suka gane a matse nake, kowa ya zo sai ya taya ƙasa da abin da na saya. Sai sarƙata na sayar, ita a yini ɗaya ta tafi.

In za ku saya, ku je da kanku ma'aikatar magajin gari a duba takardar, a tabbatar ba a sayar wa wani ba, kuma sunanki za a rubuta tunda gadonki ne. Ku tambayi maƙwabtan wurin inda ruwa ya tsaya a ambaliyar 2024, don da rani kowane fili kyakkyawa ne. Ni in zan sake saye sai cikin Agusta, bayan an yi ruwa mai ƙarfi, in je in taka wurin da ƙafata.