Karatun zama masanin halayyar ɗalibai a Amurka: waɗanda suka bi hanyar su warware mana

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum. Ina da digirin farko a ilimin halayyar ɗan Adam, ina kuma shirin neman gurbin karatu a Amurka, a ɓangaren masu aiki da yara a makarantun firamare da sakandare. Na duba shafukan jami'o'i har kaina ya ɗaure: wannan ta ce M.A., waccan Ed.S., wata Ph.D. Yayyena da iyayena da suka bi hanyar, don Allah wanne ne ke kai mutum ga aiki, kuma a ina aka fi tuntuɓe?

Malam Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Mastas zalla ba ya isa a yawancin jihohi. Matakin da ake nema yana tsakanin mastas da dakta ne. Galibi Ed.S. ake ce masa, wasu jami'o'in SSP ko CAGS. Kada sunan ya dame ki, kiredit za ki ƙirga. Ƙa'idar ƙungiyar NASP, wadda ke tantance kwasa-kwasan fannin, ita ce aƙalla kiredit 60 cikin shekara 3: biyu a aji tare da firaktikal, ta ukun kuma ta sanin makamar aiki ce, sa'o'i 1,200, aƙalla 600 daga ciki a cikin makaranta. Dakta kiredit 90 ne da sa'o'i 1,500, yakan ci shekara 5 zuwa 6. In ba koyarwa a jami'a ko bincike kike so ba, ban ga dalilin ɗaukar wannan doguwar hanya ba.

Kafin ki biya kuɗin fom, ki duba ko kwas ɗin yana cikin jerin waɗanda NASP ta amince da su. Wanda ya fito daga amintaccen kwas, in ya ci jarrabawar Praxis mai lamba 5403 da maki 155, shaidar ƙasa ta NCSP ba ta yi masa wuya. Wanda kwas ɗinsa ba ya jerin kuwa, sai ya haɗa kundin ayyukansa kwamiti ya bi shi ɗaya bayan ɗaya. Lasisin aiki kuma kowace jiha ke ba da nata, don haka ki karanta sharuɗɗan jihar da kike hari tun yanzu.

Anti Rabi:
Malam ya gama da tsari. Ni inda ake kuka zan nuna miki: kwas ɗin gwajin basira na shekarar farko.

Za a miƙa miki jakar WISC-V, gwajin yara daga shekara 6 zuwa 16 da wata 11. A ciki akwai littafin umarni, littattafan hotuna, takardar rubuta amsa, da 'yan tubala 9 masu ja da fari. Agogon ƙidayar daƙiƙa ke za ki tanada. Ki hango zaman: yaro na gabanki, hannu ɗaya kan agogo, ɗaya na rubuta duk kalmar da ya furta, ido ɗaya kan littafin umarni, ɗaya kan yatsunsa ko ya juya tubalin daidai, kuma fuskarki ba za ta nuna masa ya ci ko ya faɗi ba. Umarnin, kalma da kalma ake karanta shi. Jerin lambobi, lamba ɗaya a daƙiƙa ɗaya, babu maimaitawa ko da ya roƙa. Tausayi ne ke kayar da mutanenmu a nan: sai ki ga yaro ya kusa, ki ce masa "sake tunani dai". Wannan 'yar kalmar ta ɓata sakamakon, domin yaran da aka auna aka fitar da mizanin da su, ba wanda ya ce musu haka.

Malami zai sa ki ɗauki bidiyon kanki, ya bi takardarki da jan biro. Kurakuran da suka fi yawa: tsayar da ɓangare kafin yaro ya jera faɗuwar da ƙa'ida ta ce, manta komawa baya in ya kasa tambayoyin farko, kuskuren tara maki, da lissafin shekaru. Na ƙarshen nan ki riƙe shi da kyau. Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana. 03/09 a wurinsu 9 ga Maris ne, a idonmu 3 ga Satumba. Teburan mizanin kuwa wata huɗu-huɗu aka yanka su, kin ga kusan wata shida na kuskure ya kai ki teburin da ba nasa ba, duk lambobin sun tashi a banza.

Ki kuma fara tunanin yaran da za ki gwada a kansu, don ke za ki nemo su, da izinin iyaye a rubuce, kuma ba a faɗa wa iyayen makin. Baƙuwa a gari takan sha wuya a nan. Masallaci da iyalan abokan karatu ne mafita.

Baban Iman:
Bari in shigo da maganar takardu da aljihu. Yawancin jami'o'i kan rufe karɓar fom tsakanin Disamba da Fabrairu, a fara karatu a Agusta. Da yawa za su ce a tantance sakamakonki ta WES, hukumar da ke auna takardun karatun ƙasashen waje, ko makamanciyarta, kuma jami'arki ce za ta aika kai tsaye, ba ke ba. Ki fara bin wannan wata shida kafin lokaci.

Da bizar ɗalibai ta F-1, aikin cikin jami'a sa'o'i 20 ne a mako lokacin karatu. Ki nemi aikin taimaka wa malami, wanda kan zo da rangwamen kuɗin makaranta da ɗan alawus, amma 'yan dakta aka fi ba wa. Ki tambaya ƙarara ko 'yan Ed.S. na samu. Shiga makarantun gari kuma sai da izinin CPT, wato na aikin da ke cikin tsarin karatu, a kan I-20, takardar da jami'a ke ba ɗalibin ƙasar waje, kafin ranar farko, ba bayanta ba. Wanda ya cika wata 12 yana CPT na cikakken lokaci ya rasa OPT, wato izinin aikin bayan kammalawa. Shekarar makaranta kusan wata 10 ce, ba ta kai 12 ba, amma kada ki ƙara da na hutun bazara ba tare da lissafi ba.

A shekara ta uku wasu gundumomin makarantu na biyan ɗalibi, wasu ko sisi, ga kuɗin kiredit kina biya. Za a ɗauki zanen yatsunki a binciki tarihinki. Sai mota: firaktikal kan jefa mutum makarantar da bas ba ya zuwa.

Dakta Asabe:
Anti Rabi, duk abin da kika faɗa haka yake, sai dai ina tsoron Ummu ta ɗauka jakar ce aikin. Riƙe agogo ana koyonsa a zango ɗaya. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin lokacin da lambar ta yi ƙarya.

Matsakaicin maki 100 ne, 70 zuwa ƙasa ake fara zargin raunin basira, shi ma sai an haɗa da auna yadda yaro ke tafiyar da rayuwarsa ta yau da kullum, da ma'auni irin su Vineland. To ga yarinya 'yar shekara 8 daga gidan da Hausa ake yi, irin gidajen 'yan Gana da Nijar da ke Bronx a New York. Shekararta biyu a ƙasar, tana zuba Turanci a filin wasa, malama ta ce ai ta iya. Turancin hira kan samu cikin kamar shekara 2, na karatu yakan ɗauki 5 zuwa 7. In ta faɗi a ɓangaren kalmomi, Turancinta aka auna, ba ƙwaƙwalwarta ba. Dokar IDEA, ta ilimin yara masu buƙata ta musamman a Amurka, ta hana a ce yaro na da naƙasa in ƙarancin Turanci ko rashin samun koyarwa ne silar. Za ku karanta shari'ar Diana ta 1970 a Kalifoniya, kan yaran da Sifaniyanci ne harshensu aka gwada su da Turanci, da ta Larry P. ta 1979 kan yara baƙar fata. Fassara tambayoyin zuwa Hausa nan take ba gyara ba ne, domin mizanin ba na fassarar ba ne. Sai a koma ga gwaje-gwajen da ba sa buƙatar magana, irin su Leiter-3 da UNIT2, a zauna da uwa, a shiga aji a kalla, a auna kalma nawa take karantawa daidai a minti ɗaya mako bayan mako.

Duk wannan cikin wa'adi: a kammala gwajin yaro cikin kwana 60 daga sa hannun iyaye, sai in jiha ta sa nata, da sake dubawa duk shekara 3. NASP na son ma'aikaci 1 ga ɗalibai 500, amma a ƙasar baki ɗaya sun haura 1,000. Rahotanni ke danne ɗalibin shekarar ƙarshe. Haƙƙinki ne mai duba aikinki ya zauna da ke sa'o'i 2 a mako. Ki rubuta su a kundin sa'o'inki ya sa hannu, in ya fara zillewa ki sanar da jami'a da wuri.

Ummu Hanan:
Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara sani. Saura ɗaya: in mutum ya dawo gida fa?

Malam Ɗanjuma:
Lasisin jiha ba ya tsallake teku, kuma kujerar da makarantunmu suka sani ita ce ta malamin ba da shawara. Mizanin WISC-V ma da yaran Amurka aka gina shi, ba za ki ɗora shi kan yaron Bichi ki yanke hukunci ba. Abin da zai bi ki gida shi ne lura a aji, gano abin da ke tayar da ɗabi'a da abin da ke biyo bayanta, auna karatu, da zama da malamai. In niyyar dawowa gare ki, ranar intabiyu ki tambaye su kiredit nawa suka ware wa waɗannan, nawa kuma ga jakar Anti Rabi.