Jar giyar inabi ta Bordeaux: abin da masana suka tsayar

Giyar yankin Bordeaux na Faransa haɗin nau'o'in inabi ce. A yankin Médoc, inabin Cabernet Sauvignon ne ya fi yawa, shi ya sa take da bauri; a Saint-Émilion da Pomerol kuwa Merlot ne a gaba, sai ta fi laushi a baki.

Kowa ya amince zafi ne babban mai ɓata ta. A kawo ta tana tsakanin digiri 16 da 18 na ma'aunin Celsius. In ta ɗumama, ƙarfin barasa ya danne ƙamshin. Sabuwa a juye ta a tulun gilashi ta sha iska awa ɗaya ko biyu. Tsohuwa kuwa a tsayar da kwalbar kwana ɗaya, gurɓin ya kwanta, sannan a tsiyaye a hankali. Kada a zuba fiye da sulusin kofi, don a samu damar kaɗa ta kafin a sansana. In aka ji warin jiƙaƙƙen kwali, toshiyar bakin kwalbar ce ta lalata ta.

Naman rago gasasshe ya fi dacewa da ita, domin kitse na kashe bauri. Barkono mai yawa yana ƙara mata ɗaci da zafi. Da kifi kuwa ɗanɗanon ƙarfe take bari a harshe.